Na yi gwajin leƙa ciki a Garwa: kuɗina bai tafi a banza ba, amma akwai gyara

Shekara bakwai na yi ina fama da gyambon ciki. Maƙwabtana a layin 'yan atamfa na babbar kasuwar Garwa sun san robar kanwar da ke ƙarƙashin teburina: ciki ya fara ƙuna, in jiƙa in kora. Da kanwa ta gaza sai na koma shan omefrazol na masu tallar magani, yau in sha, gobe in manta. Kuma duk tsawon lokacin nan ina haɗiyar diklofenak saboda ciwon baya, ban san ina ƙara wa wuta itace ba.

Bayan ƙaramar sallah ne na ga bayan gidana ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri in na miƙe. Ƙanwata da ke aikin jinya a Marwa ta ce, "Yaya, wannan jini ne. Ka bar shan komai ka je a leƙa cikin." Haka na je wani asibitin kuɗi a nan Garwa aka yi mini abin da suke kira fibroskopi. Sharhin aikinsu nake son yi, don mutane da yawa sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa.

An ce in zo da safe ban ci ban sha ba tun dare. Na isa bakwai da rabi, ba a kira ni ba sai wajen sha ɗaya, saboda likitan da ya iya na'urar ɗaya ne kuma yana aiki a wani wurin. Mai gyambon ciki da yunwa har hantsi, ka san ba daɗi. Wannan shi ne laifinsu na farko, kuma ba wanda ya fito ya ce mana sannu.

Aikin kansa bai kai tsoron da ake ba mutane ba. An fesa mini wani magani mai ɗaci a maƙogwaro ya yi nauyi, aka sa mini roba tsakanin haƙora, na kwanta a gefen hagu. Sai aka zura bututu mai kaurin ɗan yatsa da fitila da kyamara a bakinsa. Na yi yunƙurin amai sau uku ko huɗu, hawaye na zuba. Ma'aikaciyar jinyar tana dafa kafaɗata tana cewa, "Baba, ja numfashi ta hanci, saura kaɗan." Ita ce ma ta riƙa juya mini Faransancin likita zuwa Hausa daga baya, Allah ya saka mata. Bai kai minti goma ba aka gama. An tsinko 'yan ƙananan tsoka daga bangon tumbin, ban ji komai ba.

Inda na fi yaba musu shi ne bayani. Likitan ya juyo da allon ya nuna mini hoton. Gyambon ɗan ƙarami ne, farin rami kamar ƙwayar wake kusa da mafitar tumbi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kewayensa: jajir, a kumbure, wasu wuraren kuma sun koɗe. Ya ce, "Alhaji, ramin nan da kake gani ƙarshen labari ne. Ciwon yana cikin bangon da ya kewaye shi." Shi ya sa ya tsinko daga bakin gyambon, don a tabbatar ba ciwon daji ba ne, ya kuma tsinko daga nesa da shi, inda ƙwayar cutar da ke jawo gyambon ta fi zama.

Ƙwayar sunanta Helicobacter pylori. Tumbi yana da ruwa mai tsami da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ita wannan ta san dabara. Tana nutsewa cikin yauƙin da ke lulluɓe bangon tumbi, tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin tsamin da ke kusa da ita. Na yi dariya da aka faɗa mini haka, don ashe ita ma kanwarta take jiƙawa. Tana nan shekara da shekaru, galibi tun mutum yana yaro ya ɗauka a gida, jiki yana yaƙarta, bangon yana kumbura, har kariyarsa ta yi rauni tsamin ya ci naman. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa yin gyambo. Ni dai na haɗa mata da diklofenak, wanda shi ma yake rage wa bangon kariya.

Da na koma gida ɗana ya duba mini a intanet. Wasu likitoci biyu ne a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano alaƙarta da gyambo a farkon shekarun 1980, lokacin da kowa ke ɗora laifin a kan damuwa da yaji. Marshall har shan ƙwayar ya yi a 1984 don a yarda da shi, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Mu kuwa har yau a kasuwa in ka ce ciki, sai a ce ka daina cin soya da barkono, shi ke nan.

Laifinsu na biyu shi ne sakamakon tsokar. An ce a Yawunde ake dubawa, mako biyu zai dawo. Sai da na yi zarya sau huɗu, ya ɗauki sama da wata. Kuɗin wannan gwajin ma ba a faɗa mini tun farko ba, sai da na sauko daga gado, alhali na riga na biya sefa 35,000 na leƙawar. Da takardar ta zo, ba daji, alhamdu lillahi. Ƙwayar tana nan, kuma a wani ɗan wuri bangon tumbin ya fara rikiɗewa ya yi kama da na hanji. Likitan bai ɓoye mini ba: kumburin yana warkewa in an kashe ƙwayar, amma wurin da ya rikiɗe ba lalle ya koma yadda yake ba, don haka sai an riƙa sa masa ido. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar nan cikin abubuwan da ke jawo dajin tumbi. Na fi son a faɗa mini haka da a shafa mini mai a baki.

Maganin kwana 14 ne, safe da yamma: omefrazol, da amoksisilin, da kilaritromisin. Na ƙarshen nan ya bar mini ɗaci a baki kamar na tauna maɗaci, shayi ma ya daina daɗi, ga gudawa a kwanakin farko. A rana ta biyar ciki ya lafa, zuciyata ta ce in ajiye. Ƙanwata ta bugo waya ta ce in na yanke a tsakiya ƙwayar za ta saba da maganin. Na daure na shanye.

Ba su sallame ni da "ka ji sauƙi" kawai ba. An sake leƙa cikin, ramin ya rufe. Sannan aka sa na dakatar da omefrazol mako biyu aka yi gwajin bayan gida, don gwajin jini yana iya nuna alamar ƙwayar ko bayan ta mutu. Ya fito babu. Uwargida, wadda ita ma ƙwannafi ya daɗe yana damunta, za ta kai nata ranar Litinin, kuma na ce mata ta tambayi kuɗin komai tun a bakin ƙofa.