Shagon Baba mai zuma a Agege, ga masu haɗa maganin tari a gida

Matan unguwarmu sun dame ni da tambayar inda nake sayen kayan haɗin maganin tari, to ga shi. Wani ɗan shago ne a Agege, a layin masu kayan yaji, ba nisa da titin jirgin ƙasa. Babu allo a ƙofa, Baba mai zuma kawai ake ce wa mai shi.

Zumar ce ta sa nake komawa. Duk wanda ya zauna a Legas ya san irin wadda ake tallatawa a cikin gosulo, narkakken sukari ne da aka sa wa kala. Ta Baba kuwa daga Arewa ake kawo masa a jarka, wani lokaci har da guntun saƙa da ƙafar ƙudan zuma a ciki. Zai tsoma tsinke ya miƙo maka ka ɗanɗana, za ka ji ɗan ɗaci-ɗacin fure a maƙogwaro. Ta fi ta bakin titi tsada, kuma ba ya ragi. In ka matsa sai ya ce, "Hajiya, albarka," ya mayar da murfin jarkarsa.

Cittarsa ta Kaciya ce. Tun da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi, wasu 'yan kasuwa suka shiga cakuɗa tsohuwa wadda ƙwari suka huda. Ban taɓa samun haka a wurinsa ba. Ka karya ɗanyar, cikinta rawaya shar, ƙamshin ya bugi hanci. Kanumfari da masoro ma ba laifi, lemun tsami ne dai gara ka saya a kasuwar Mile 12.

Ni ga yadda nake yi. Ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu, in kankare in daka, in zuba kanumfari biyar ko shida da masoro kaɗan. In tafasa a kofi biyu na ruwa har ya koma ɗaya, in tace. Sai ya huce nake zuba rabin kofin zuma, in matse lemun tsami ɗaya. Cokali guda safe da dare yana kwantar da ƙaiƙayin maƙogwaro, mutum ya samu barci. Kada a yi da yawa, domin da danshin garin nan da ɗauke wuta, ko a firiji yake 'yan kwanaki kaɗan zai yi tsami.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne tambayar da ya yi wa wata amarya da ta zo saya wa goyonta. "'Yata, yaron ya shekara?" Ta ce watansa bakwai. Ya ce to shi ba zai sayar mata don jariri ba. Haka likitoci ma suke cewa: ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Inda ba na tare da shi shi ne haɗaɗɗen da yake sayarwa a tsofaffin gorunan ruwa. Babu ranar haɗi, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tafarnuwa ta yi masa yawa har tana ƙona ciki. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 irin waɗannan gorunan suka cika kasuwa. Yaron shagon har cewa yake yana warkar da asma, ni dai ban yarda ba. Tarin da ya wuce sati biyu, ko ake ganin jini, ko rama da gumin dare, na asibiti ne, kuma gwajin tibi, wato tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

In za ki je, ki je da safe da kwalbarki mai tsabta. Ranar Juma'a yana rufewa kafin azahar, in kuma an yi ruwan sama layin taɓo ne har idon sawu.