Gidauniyar Al'umma ta Gundumarmu a Indiana: Abin da Muka Gani Bayan Neman Tallafi Sau Biyu

Shekara uku ke nan ina riƙe da muƙamin sakataren wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan Afirka ta Yamma mazauna wata gunduma a jihar Indiana ta Amurka, wadda galibin membobinta 'yan Nijar ne da Najeriya da Gana, direbobin manyan motoci da ma'aikatan sito da masu jinyar tsofaffi. Ayyukanmu biyu ne kacal: taimaka wa yara da aikin gida na makaranta kowace Asabar, da raba kayan abinci ga sababbin zuwa waɗanda ƙafarsu ba ta tsaya ba tukuna. Da karo-karo muke gudanar da komai. A cikin wannan lokaci mun nemi tallafi sau biyu daga gidauniyar al'umma ta gundumarmu, aka hana mu a karon farko, aka ba mu a karo na biyu, saboda haka ina ganin na ɗanɗani zaƙinta da ɗacinta gwargwadon da zan iya faɗin ra'ayina a kanta.

Gidauniyar al'umma ba ta gwamnati ba ce, kuma ba ta wani attajiri guda ba ce. Asusu ne da mutanen yanki ɗaya suke zuba wa kuɗi, wasu da ransu, wasu ta hanyar wasiyya, sai a juya uwar kuɗin a kasuwar hannun jari, a riƙa ɗibar kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari duk shekara ana raba wa ƙungiyoyin da ke yi wa yankin hidima. Wani lauya kuma shugaban banki mai suna Frederick Goff ne ya kafa ta farko a birnin Cleveland a 1914, saboda ya lura cewa attajirai kan mutu su bar wasiyya a kan wata bukata wadda zamani zai shafe, kuɗin ya zauna a ɗaure babu mai iya taɓa shi. Maganin da ya kawo shi ne a bai wa kwamitin amintattu na 'yan gari ikon karkatar da kuɗin zuwa wata bukatar idan ta farko ta gushe. A Indiana kuwa, gidauniyar Lilly Endowment ta birnin Indianapolis ce ta fara wani shiri a 1990 na ƙara kuɗi a kan abin da 'yan gari suka tara, kuma albarkacinsa yau babu ɗaya daga cikin gundumomi 92 na jihar da ba ta da gidauniyar da ke kula da ita. Tamu ɗaya ce daga cikinsu.

Ranar da na yi wa membobi wannan bayani, wani dattijonmu ya ce ai wannan waƙafi ne aka sa masa kwat, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, tun da a duka biyun ana tsare asalin dukiya a ci amfaninta. Sai dai muhawarar da ta biyo baya ta ci mana zama biyu, domin wani kaso na jarin yana cikin takardun bashi masu kuɗin ruwa, kuma akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da hakan ba. Abin da ya burge ni shi ne ba mu sha wahalar gano gaskiyar lamarin ba. Rahoton shekara na gidauniyar yana shafinta na intanet, da jimillar dukiyarta, da yadda aka rarraba jarin, da sunan kowace ƙungiya da aka bai wa tallafi tare da adadin da ta karɓa. Wanda ya saba jin an ƙaddamar da asusu da kiɗa da roƙo, daga nan kuma a ji shiru kamar an shuka dusa, zai fahimci dalilin da ya sa na daɗe ina duba waɗannan shafuka. Daga ƙarshe masu rinjaye suka amince a nema, biyu suka ce ba da su ba, muka girmama matsayinsu.

Neman farko ya faɗi tun kafin a karanta abin da muke yi. Gidauniyar ba ta bai wa mutum ɗaya kuɗin aiki, kuma ba ta bai wa ƙungiyar da hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, ba ta amince da ita a matsayin ƙungiyar agaji a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji ba, mu kuwa a lokacin rajistar jiha kawai muke da ita, da littafin ma'aji guda mai bango ja. Laifinmu ne, domin sharaɗin yana rubuce. Amma shafin cike takardar neman ma bai kyauta mana ba: ya bar ni na kwashe dare biyu ina amsa tambayoyi, kowace da iyakar haruffan da ba za a wuce ba, sai a mataki na ƙarshe ya nemi wasiƙar amincewar hukumar haraji. Da an sa wannan tambaya a farko, da na huta, su ma sun huta.

Abin da ya faru bayan haka shi ne ya sauya ra'ayina game da wurin. Mako guda da zuwan wasiƙar ban-haƙuri, jami'ar da ke kula da ƙananan tallafi ta kira ni da kanta, ta ba ni lokaci a ofishinsu, muka zauna kusan awa ɗaya tana bin takardarmu layi-layi da jan biro. Ta nuna mini cewa inda na rubuta "muna taimakon al'umma" ba abin da mai tantancewa zai riƙe, abin da yake so ya ji shi ne yara nawa, 'yan aji nawa, awa nawa a mako, kuma ta yaya za a san an samu ci gaba. Mu da aka rene mu a kan cewa abin da hannun dama ya bayar kada na hagu ya sani, ƙidaya alheri a rubuce ya yi mana nauyi a baki, amma a nan babu wata hanya. Ita ce kuma ta sanar da ni abin da na laƙaba wa suna uwar riƙo, wato wata babbar ƙungiya mai cikakkiyar rajista da za ta karɓi kuɗi a madadin ƙarama ta riƙa lura da kashe shi, ta cire ladanta, wanda yawanci yakan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Mun gwammace mu tsaya da ƙafarmu. Muka cike gajeren fom mai lamba 1023-EZ, wanda aka tanadar wa ƙungiyoyin da kuɗin shigarsu bai haura dala 50,000 a shekara ba, muka biya dala 275, amincewa ta zo. Ta gargaɗe mu kuma cewa duk ƙungiyar da ta yi shekara uku a jere ba ta aika wa hukumar bayanin shekara ba, rajistarta za ta faɗi da kanta. Duk wannan taimako nata ba a caje mu ko sisi ba.

Kafin a yanke hukunci a karo na biyu, ta zo ta ga aikin da idonta wata Asabar da sanyi ya tsananta. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta zauna a ƙaramar kujera kusa da wata yarinya mai fama da lissafin kaso, ta sha shayin da aka miƙa mata duk da na ga sukarin ya yi mata yawa. A nan ta yi tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit: da yake zauren da muke haya nan ne ake karatun allo da yamma, shin darasin Asabar na kowa ne? Ka'idarsu ita ce ba sa ɗaukar nauyin koyar da addini ko kira zuwa gare shi, na coci ne ko na masallaci, amma suna tallafa wa aikin da masu addini ke yi idan ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Shugabanmu ya ce, "Malama, ga 'ya'yan maƙwabcinmu ɗan Kongo can su uku, kuma Kiristoci ne." Ta yi murmushi ta rubuta. Na ga adalci a wannan ka'ida, tun da dai an faɗe ta a fili kuma ba mu kaɗai ta shafa ba.

An ba mu dala 5,000 na shekara guda, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya gaba ɗaya bayan mun sa hannu a yarjejeniya. Mun sayi ƙananan kwamfutoci da littattafai da teburan naɗewa, muka biya ɗalibai biyu na jami'a ɗan alawus. Wahalar ta dawo wajen rahoton ƙarshe, domin kowace dala tana bukatar rasit, ma'ajinmu kuwa direba ne da ke kwana a hanya, rasit ɗinsa rabi a aljihun mota, rabi zafin rana ya goge rubutunsu. Tun daga lokacin muka kafa dokar ɗaukar hoton kowane rasit da waya kafin a bar shago.

Akwai abubuwa biyu da har yanzu ban gamsu da su ba, kuma na farkon ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Tallafin na sabon aiki ne ko na kayan aiki, ba a yarda a biya haya da wutar lantarki da inshora daga ciki ba, alhali waɗannan su ne ke kashe ƙananan ƙungiyoyi. Sai ka ga an saya maka kwamfuta, ɗakin da za ka ajiye ta kuwa kana bin membobi gida-gida a kan kuɗinsa. Na biyu shi ne, babban adadin da ake gani a rahoton shekara yana iya ruɗin mai nema, saboda kaso mai tsoka yana cikin asusun da masu bayarwa suka buɗe da sunan iyalansu, su ne ke ba da shawarar inda za a kai shi, wani kason kuma na guraben karatu ne ko na ƙungiyoyin da aka ambata tun a wasiyya. Abin da ya rage don gasa a fili bai kai yadda ake zato ba, kuma wanda bai san masu waɗancan asusu ba, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tarukan haɗa masu bayarwa da ƙungiyoyi kuma da hantsi ake yin su a ranakun aiki, lokacin da mutanenmu ke kan titi ko cikin sito.

Duk da haka ina ba kowace ƙungiya irin tamu shawarar ta gwada, da sharaɗin ta kira ofishin ta nemi ganawa kafin ta taɓa fom, ta tanadi rajistarta da kasafinta da sunayen 'yan kwamitinta, kuma kada ta daina karo-karo, domin tallafin na shekara ɗaya ne, babu alkawarin sabuntawa. Mu mun sake nema a bana, karo na uku ke nan, kuma a wannan karon na rubuta musu ƙarara cewa haya ce babbar matsalarmu. Jami'ar ta ce za ta gabatar da maganar a gaban kwamiti a zamansu na gaba.