Maven ko Gradle? Ka fara duba yadda suke bi da 'yan rakiya

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja da Java ko Kotlin ya san laburare, wato kod ɗin da wasu suka rubuta kake ɗauko ka yi amfani da shi, ba ya zuwa shi kaɗai. Ka rubuta layi ɗaya kana neman Retrofit, sai ga OkHttp a bayansa, shi kuma ya riƙo hannun Okio. Ka nemi jackson-databind, jackson-core da jackson-annotations su shigo tare da shi. Waɗannan da ba kai ka gayyato ba, 'yan rakiya nake ce musu, kuma a ganina yadda manhajar gini ke bi da su shi ne abin da ya kamata a fara aunawa kafin a zaɓi Maven ko Gradle, manhajojin gini biyu da ke ɗauko laburare su harhaɗa kod. Kuɗi ba ya cikin lissafi, domin dukansu kyauta ne a ƙarƙashin lasisin Apache 2.0. Lokacinka ne za ka biya da shi, ranar da gini ya karye ko manhaja ta tsaya cak a hannun jama'a.

Jeri biyu ne a kowane aiki. Akwai jerin fayilolin jar (ƙunshin laburare) da ake nuna wa javac, mai harhaɗa kod ɗin Java, lokacin harhaɗa kod, akwai kuma wanda JVM, injin da ke gudanar da manhajar Java, ke lodawa lokacin da manhaja ke aiki. Ɗan rakiya kusan kullum dole ya shiga jeri na biyu, in ba haka ba ka ga NoClassDefFoundError, kuskuren da ke cewa ba a ga wani aji ba. Gardamar tana kan jeri na farko: ya halatta kod ɗinka ya ga abin da bai nema ba?

Maven ya ce eh. Tun siga ta 2, wadda ta fito a 2005, yake jawo 'yan rakiya da kansa, kuma duk abin da ba ka ba shi matsayi ba yana faɗawa matsayin `compile`. Abin da ke `compile` a laburaren da ka ɗauko, `compile` ne a wurinka, haka har ƙasa. Akwai `provided` don abin da sabar za ta kawo da kanta, kamar Servlet API a cikin Tomcat, kuma ba ya bin kowa. Akwai `runtime` don irin direban PostgreSQL, wanda kod ɗinka ba ya ambaton sunansa amma manhajar ba ta tashi sai da shi. Akwai `test`. Matsayi ɗaya ne babu, kuma shi ne wanda marubucin laburare ya fi bukata: "ina harhaɗawa da wannan, amma kada mai amfani da ni ya gan shi."

Na ɗanɗana ɗacin wannan giɓi. A wani aiki mai sassa da yawa, mun daɗe muna amfani da StringUtils na Commons Lang alhali babu wanda ya taɓa rubuta shi a pom.xml, fayil ɗin da ake jera wa Maven abin da ake bukata. Wani laburare ne ya rako shi. Ranar da muka ɗaga sigar wancan laburaren, masu shi sun daina amfani da Commons Lang, sai fayiloli da dama suka ƙi harhaɗuwa, ba tare da mun taɓa ko layi ɗaya a cikinsu ba. Maven yana da magani, `mvn dependency:analyze`, wanda ke fito da abin da kake amfani da shi ba ka bayyana ba. Sai dai sai ka tuna ka kira shi, ko ka ɗaura shi a cikin ginin.

Gradle ma haka ya fara, da `compile` da `runtime` irin na Maven. A siga ta 3.4, a 2017, aka kawo ƙarin (plugin) `java-library`, aka raba `compile` gida biyu. Abin da ka sa a `api` yana wucewa zuwa jerin harhaɗawa na duk mai dogaro da kai. Abin da ka sa a `implementation` kai kaɗai ke ganinsa a lokacin harhaɗawa, su kuwa sai a lokacin aiki. Ka'idar rarrabewa mai sauƙi ce: in nau'in wani laburare ya bayyana a fuskar kod ɗinka, wato a abin da ayyukanka na fili ke karɓa ko mayarwa, ko a ajin da ka gada, to `api` ne. Retrofit misali ne mai kyau, domin mai amfani da shi yana miƙa masa OkHttpClient kai tsaye, don haka ba zai iya ɓoye OkHttp ba. In kuwa a cikin ciki kawai kake amfani da abu, `implementation` ne. Sannan ga `compileOnly` da `runtimeOnly` na ɗaukar aikin `provided` da `runtime`.

Ribar ba tsafta kaɗai ba ce. A aiki mai sassa talatin, in ka canja abin da ke `implementation` na sashe ɗaya, sassan da ke dogaro da shi ba sai an sake harhaɗa su ba, tunda jerinsu bai motsa ba. Kuma in ka wallafa laburarenka daga Gradle, `api` yana fita a matsayin `compile` a cikin POM, wato fayil ɗin bayanin laburare da Maven ke karantawa, `implementation` kuma `runtime`, don haka har masu Maven suna cin moriyar rabon.

Yana da nasa tarkon. An cire `compile` da `runtime` gaba ɗaya a Gradle 7.0, a 2021, amma tsofaffin darussa a intanet suna nan cike da su. Mutane da yawa da suka ga ginin ya ƙi sai su mayar da komai `api`, su koma gidan jiya. Wasu kuma su mayar da komai `implementation`, sai masu amfani da laburarensu su tarar javac na kukan bai ga fayil ɗin wani aji ba. Kuma `api` ba ya samuwa in `java` kawai ka kunna ba `java-library` ba.

Sai batun rikicin siga, wanda ya fi ba ni tsoro. In laburare biyu suka rako Guava mai siga daban-daban, Maven yana ɗaukar wadda ta fi kusa da tushen bishiyar rakiya, wato aikinka, in sun yi kunnen doki ya ɗauki wadda aka fara rubutawa. Ke nan tsohuwar siga na iya kayar da sabuwa don kawai ta fi kusa, ginin ya wuce lafiya, NoSuchMethodError, kuskuren kiran aikin da babu shi a sigar, ya jira ka a sabar. Gradle mafi sabuwa yake ɗauka, abin da ya fi dacewa a mafi yawan lokuta, ko da yake yana iya ɗaga maka siga ba ka sani ba. A Maven kana ɗaure siga da `dependencyManagement` ko ka shigo da BOM, wato jerin sigogin da suka dace da juna, kamar na Spring Boot, ka ƙara dokar `requireUpperBoundDeps` ta Enforcer, ƙarin Maven mai tilasta dokoki a gini. A Gradle kana da `constraints` da `platform()`. Ka kula, fayil ɗin libs.versions.toml sunaye da sigogin abin da ka nema kawai yake tattarawa, ba ya ɗaure 'yan rakiya.

Watan Disambar 2021 ya nuna muhimmancin wannan. Da aka gano ɓarakar tsaro ta Log4Shell a laburaren log4j-core, ɗimbin masu manhaja ba su ma san suna ɗauke da shi ba, domin rakiya ya yi. Ɓoye abu a `implementation` ba ya fitar da shi daga manhajarka. Waɗanda suka iya karanta `mvn dependency:tree` ko `gradle dependencyInsight`, suka kuma san inda ake tilasta siga, su ne suka gyara da wuri.

Bazel, wata manhajar ginin da Google ya buɗe wa jama'a a 2015, ta fi duka biyun tsanani: da `deps` da `exports` da `runtime_deps`, ba ta barin ka yi amfani da abin da ba ka bayyana ba. Amma nauyin kafa ta sai babban rumbun kod mai ma'aikata da yawa.

In manhajar Android kake yi, an riga an zaɓar maka Gradle, abin da ya rage ka koyi rabon `api` da `implementation` da kyau. In laburare kake rubutawa don wasu, ko aikinka ya kasu sassa da yawa, Gradle nake ba ka shawara, saboda wannan rabon kaɗai. In kuwa sabis ɗaya ne na Spring Boot wanda babu mai dogaro da shi, Maven ya wadatar, pom.xml ɗinsa kuma yakan shekara da shekaru yana aiki ba a taɓa shi ba. Ka dai sa `dependency:analyze` da Enforcer a cikin ginin tun ranar farko, ka saita su su tsayar da ginin in sun ga matsala.