Star Trek da The Expanse: wanne ya fi iya haɗa launuka da ƙabilu a kumbo ɗaya?

Ɗan uwa, tambayarka ita ce: tsakanin Star Trek da The Expanse, wanne ya fi ba mutane masu launin fata da asali daban-daban wuri, kuma da wanne za ka fara. Ka ce ka gaji da finafinan sararin samaniya da in ka kalla sai ka ɗauka Turawa ne kaɗai za su kai gobe. Na kalli duka biyun, wasu sassan fiye da sau ɗaya, don haka ga abin da na gani. Zan ɗan taɓa wasu abubuwa na cikin labari, amma ba zan tona maka ƙarshe ba.

Sai mu fara da shekaru, don in ba a sa su a gaba ba za a yi wa ɗaya rashin adalci. Star Trek na asali ya fara fitowa a tashar NBC ta Amurka a watan Satumba na 1966, ya yi zango uku, kashi 79, aka tsayar da shi a 1969. The Expanse kuwa ya fara ne a Disamba 2015 a tashar Syfy, suka ajiye shi bayan zango uku, Amazon ya ɗauka ya kai shi zango shida, aka rufe a Janairu 2022 da kashi 62. Kusan shekara hamsin ke nan a tsakani. Lokacin da Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek, ya fito da nasa, shekara biyu kacal da sa hannu a dokar 'yancin jama'a ta 1964, kuma sai a 1967 kotun ƙolin Amurka ta rushe dokokin da suka hana aure tsakanin baƙi da farare a jihohi da dama.

To a wannan yanayin ne aka buɗe talabijin aka ga ɗakin sarrafa kumbon Enterprise. Ga Laftanar Uhura, baƙar mace, a kan na'urar sadarwa, sunanta ma daga kalmar Swahili ta uhuru aka samo shi, wato 'yanci. Ga Sulu a kan sitiyarin kumbo, wanda George Takei ya fito a matsayinsa, mutumin da gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani yana yaro lokacin yaƙin duniya na biyu, don kawai asalinsu Japan ne. A zango na biyu aka ƙara Chekov, ɗan Rasha, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Har akwai kashin da wanda ya zaunar da Kyaftin Kirk yana tuhumarsa, Kwamodo Stone, baƙar fata ne kuma ya girme shi a muƙami, da wani kashin da gwanin da ya ƙera kwamfutocin rundunar, Dokta Daystrom, shi ma baƙi ne. A 1967 da 1968 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma abin bai tsaya a allo ba. Nichelle Nichols, wadda ta fito a Uhura, ta sha ba da labarin yadda ta yanke shawarar barin shirin bayan zango na farko, Martin Luther King ya roƙe ta kada ta tafi. A 1977 hukumar NASA ta ɗauke ta ta zagaya tana jawo mata da baƙaƙe su nemi aikin 'yan sama jannati. Rukunin da aka ɗauka a 1978 shi ne ya fitar da Sally Ride, Ba'amurkiya ta farko da ta je sararin samaniya, da Guion Bluford, baƙin Amurka na farko da ya je sararin samaniya a 1983. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je a 1992, ta ce Uhura ce ta sa mata sha'awa, har ta fito a wani kashi na Star Trek a 1993. A wannan fannin The Expanse ba shi da abin da zai ajiye a sikeli, kuma ba laifinsa ba ne, ya zo ya tarar an riga an share hanya.

Amma ka zauna ka kalli kashi goma a jere na tsohon shirin, ka lura da wa ke magana. Mutum uku ne ke riƙe da labari: Kirk, Spock da likita McCoy, duka Turawa ne ke fitowa a matsayinsu. Uhura, a mafi yawan kashi, aikinta ta sa abin sauraro a kunne ta ce layi ya buɗe, shi ke nan. Ba a taɓa faɗin sunanta na farko ba a shirin, sai a fim ɗin 2009 aka ji Nyota. Ba ta taɓa riƙe kumbon ba sai a shirin zane na 1973. Shi Sulu an ɗauko sunansa ne daga wani teku da ke kusa da Filifin don ya wakilci Asiya gaba ɗayanta, kamar a ce nahiya guda mutum ɗaya ya ishe ta. Ko sumbar nan da ake ta ambato tsakanin Kirk da Uhura a Nuwamba 1968, a cikin labarin tilasta musu aka yi da ƙarfin tsafi irin na wasu halittu, ba son ransu ba ne. Khan Noonien Singh, wanda aka ce ɗan arewacin Indiya ne, Ricardo Montalbán ɗan Meziko ne ya fito a matsayinsa. Su kuma Klingon, abokan gaba, Turawa ne aka shafa wa fuska kwalliya mai duhu.

Yanzu juya ka dubi The Expanse. Labarin yana faruwa ne bayan 'yan ƙarnuka, mutane sun bazu gida uku: Duniya a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, duniyar Mars mai ƙarfin soja, sai mazauna duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter, waɗanda ake kira Belta. Wadda ta fi kowa iya juya siyasa a shirin ita ce Chrisjen Avasarala, dattijuwa 'yar asalin Indiya, mai ado da sari da gwala-gwalai da bakin da ba ya shayin kowa. Injiniyar kumbo Naomi Nagata baƙa ce, Dominique Tipper 'yar Ingila ce ta fito a matsayinta, kuma tana da nata tarihin, da ɗanta, da tsohon masoyin da ya zame wa kowa bala'i. Zango na biyar kusan nata ne. Sojar da ta fi kowa ƙarfi, Bobbie Draper, Frankie Adams ce, 'yar asalin Samoa da ta tashi a New Zealand. Camina Drummer kuwa, ɗaya daga shugabannin Belta, Cara Gee ce, 'yar ƙabilar Ojibwe ta Kanada. Waɗannan ba zaman cika kujera suke yi ba. Suna ba da umarni, suna kuskure, wasu sun zubar da jinin da ke hana su barci.

Ga wani ɗan abu da nake so ƙwarai. Matuƙin kumbo sunansa Alex Kamal, kamanninsa na kudancin Asiya, amma in ya buɗe baki sai ka ji karin harshen makiyayan Texas. Dalili kuwa shi ne yankin Mars da ya fito, Indiyawa da 'yan Sin da mutanen Texas ne suka fara zama a can, karin Texas ɗin ya bi kowa. Haka sunaye suke a shirin, a gauraye: Naomi Nagata, Jules-Pierre Mao, Praxidike Meng, Elvi Okoye. Marubutan sun zauna sun yi tunanin wa ya auri wa a cikin shekara ɗari biyu ko uku. Star Trek na asali bai yi wannan ba. A can kowa tutar ƙasa ɗaya yake ɗauke da ita, ɗan Rasha na yabon Rasha, ɗan Scotland na son giyarsu, kamar taron wakilai.

Inda suka fi rabuwa, a ganina, shi ne abin da kowanne ya yi da wariya ita kanta. Star Trek ya ce ɗan Adam ya warke, an wuce wurin. Saboda haka in ana son a yi maganar wariya sai a ɗora ta a kan halittun wata duniya. Misalin da ya fi shahara shi ne kashin Janairu 1969, inda aka kawo mutum biyu masu fuska rabi fari rabi baƙi. Ɗaya ya shafe shekaru dubbai yana farautar ɗayan, don shi baƙinsa a dama yake, na ɗayan a hagu. Ma'aikatan kumbon ma ba su lura da bambancin ba sai da aka nuna musu. Darasin a fili yake, har ya yi yawa, kuma akwai ɗan zamba a ciki: mai zalunci da wanda ake zalunta an mai da su mahaukata biyu daidai wa daida, mutanen Enterprise kuma na gefe suna girgiza kai, hannunsu tsaf.

The Expanse bai yarda an warke ba. Ya ce launin fata ya daina zama abin faɗa, amma hali zanen dutse, sai aka nemo wani layin aka ja. Yanzu tambayar ita ce a ina aka haife ka. Belta su ne ke haƙo ma'adinai da ƙanƙara, amma kamfanonin Duniya da Mars ne ke riƙe da ruwan da suke sha da iskar da suke shaƙa, ana auna musu, ana iya rage musu in sun yi bore. Sun tashi inda ƙarfin janyowa ba shi da yawa, ƙasusuwansu sun yi tsawo sun yi rauni, ba za su iya tsayuwa a doron Duniya ba. A kashi na farko ma za ka ga an rataye wani Belta a ƙugiya a nan Duniya, ba duka ba zagi, nauyin jikinsa kawai aka bari yana gana masa azaba. Wadda ta zo yi masa tambayoyi kuwa Avasarala ce, cikin shigarta ta alfarma, da murya mai laushi. Ka ga ke nan mace ce, ba Baturiya ba, kuma ita ce hannun zalunci a wannan ɗakin. Haka Fred Johnson, baƙar fata, tsohon kanar na sojan Duniya wanda ya yi wa Belta kisan gilla a tashar Anderson kafin ya koma ɓangarensu. Shirin bai ɗauka cewa launin mutum na wanke shi ba.

Sannan an ba Belta harshe. Wani masanin harsuna, Nick Farmer, shi ya gina musu shi daga Ingilishi da gutsattsarin harsuna da yawa, irin yadda harshe ke haifuwa a inda ma'aikata daga ko'ina suka haɗu dole su fahimci juna. Suna kiran kansu beltalowda, mutanen ciki kuma, wato na Duniya da Mars, inyalowda. Suna magana da hannu sosai, don wanda ya saba zama cikin rigar sama jannati ba a ganin ɗaga kafaɗarsa. Ka lura da Naomi: in tana cikin abokan aikinta harshenta a miƙe yake, in ta koma cikin 'yan uwanta sai karin ya dawo. Duk wanda ya taɓa sauya murya don a ɗauke shi da daraja a ofis zai gane wannan ba sai an yi masa bayani ba. A Star Trek na'urar fassara ta share wannan matsalar tun kafin ta taso, kowa Ingilishi yake yi.

Kada ka ɗauka The Expanse ba shi da tabo. Kyaftin ɗin kumbon, James Holden, Bature ne ɗan Montana, ɗan sandan da ke jan rabin labarin zango na farko, Miller, shi ma Bature ne. Wato kujerar tsakiya ba ta motsa ba tun zamanin Kirk. Avasarala 'yar Indiya ce a labari, amma Shohreh Aghdashloo 'yar Iran ce, ko da yake na kasa tunanin wata a wurin. Kuma ana iya cewa mai da wariya ta koma batun wurin haihuwa wata hanya ce ta kauce wa maganar baƙi da fari kai tsaye.

A nan ne dole in dawo da Star Trek, domin ba shiri ɗaya ba ne, gida ne mai ɗakuna. Akwai ɗakin kunya, kamar kashin 1987 na The Next Generation da aka cika wata duniya da baƙaƙe masu rawani suna sace mace, wanda 'yan wasan kansu suka yi tir da shi daga baya. Amma akwai Deep Space Nine, 1993 zuwa 1999, inda Avery Brooks ya fito a Benjamin Sisko, shugaban wata tashar sararin samaniya, ɗan New Orleans, matarsa ta rasu yana renon ɗansa Jake shi kaɗai. Likitan tashar, Julian Bashir, Alexander Siddig ne, haifaffen Sudan. Shi Sisko bai manta tarihinsa ba. A wani kashi na 1998 da Brooks ya ba da umarni da kansa, Sisko ya tsinci kansa a New York ta 1953 a matsayin marubuci Benny Russell. Ranar ɗaukar hoton ma'aikatan mujalla aka ce ya yi zamansa a gida, kada masu karatu su san baƙi ne. Ya rubuta labarin tashar sararin samaniya mai baƙin kyaftin, edita ya ce ba wanda zai yarda da haka. Minti arba'in da 'yan kai ne, kuma duk kashi 62 na The Expanse babu inda aka kalli wariyar launin fata ido da ido kamar nan.

Don haka in tsohon Star Trek na 1966 kake nufi, The Expanse ya fi shi nesa ba kusa ba wajen ba mutanen nan rai da iko da harshe, shi kuma tsohon ya fi shi ƙarfin hali a zamaninsa. In gidan gaba ɗaya kake nufi, har da Discovery na 2017 da Sonequa Martin-Green ke ja, to Deep Space Nine ya rage tazarar sosai.

Ni dai shawarata ka fara da The Expanse, ka yi haƙuri da kashi uku na farko don suna tafiyar hawainiya, a na huɗu abin ke kankama. Ka kunna rubutun ƙasan allo saboda harshen Belta. In ka gama, ka nemi Deep Space Nine, kuma kada ka yi tsalle zuwa kashin Benny Russell, yana zango na shida, sai ka san Sisko tukuna zai kama ka.