Asibitin dabbobin da ya duba kullutun tsohuwar kyanwata

Kyanwata tana da shekara 13. Wata rana da dare ina shafa mata ciki sai yatsana ya ci karo da wani kullutu mai tauri kamar ƙaramar tsakuwa a gefen nononta na baya. Ba ta nuna alamar jin zafi ba, cin abincinta ma bai ragu ba, shi ya sa na yi kwana goma kafin na kai ta asibitin dabbobi, kuma har yau ina nadamar wannan jinkiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitar ta ƙi yanke hukunci da taɓawa kawai. Ta auna kullutun, ta rubuta santimita 1.5, ta lalluba sauran nonuwan da hammata da matsematsi, sannan ta bayyana mini cewa a jikin tsohuwar kyanwa ƙurji mai mugunya, wanda cizon wata kyanwa kan haddasa, yakan zo da zafi da zazzaɓi, amma kullutun da ya fi ban tsoro sau da yawa shiru yake girma. Daga bakinta na fara jin cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a nonon kyanwa sankara ce, kuma wanda aka cire bai kai santimita 2 ba ya fi ba da fatan tsawon rai a kan wanda ya wuce 3.

Kafin a yi maganar tiyata sai da aka ɗauki hoton ƙirjinta don a tabbatar cutar ba ta kai huhu ba, aka kuma gwada jininta saboda ƙodar tsofaffin kyanwoyi kan yi rauni, abin da ke shafar allurar barcin da za a yi musu. An cire dukkan layin nonuwan gefen da kullutun yake, aka aika naman ɗakin gwaji, sakamakon kuma ya tabbatar da zargin likitar.

Akwai inda suka gaza. Karnuka da kyanwoyi ɗaki ɗaya suke jira, har kyanwata ta lafe a ƙuryar kwandonta tana makyarkyata saboda haushin wani babban kare, kuma sakamakon gwajin ya makara da kwana huɗu ba tare da kowa ya kira ni ba.

Duk da haka zan koma, musamman saboda takardar da suka ba ni a ranar sallama. A ciki an rubuta cewa a kawo kyanwa da gaggawa idan kullutu yana girma, ko ya fashe yana zubar da jini, ko ya manne da naman ƙarƙashinsa, haka ma kumburin wurin allurar rigakafi idan ya wuce wata 3, ko ya fi santimita 2, ko yana ƙaruwa bayan wata guda. A ƙasa, da jan biro, likitar ta ƙara da hannunta cewa kada a taɓa ba kyanwa farasitamol, domin yana iya kashe ta.