Kwalin Indiyawa a shagon Baba mai littattafai

Wata uku ke nan ina zarya a shagon nan, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina. Ɗan ƙaramin shago ne na tsofaffin littattafai a wani lungu kusa da Tsohuwar Kasuwa a nan Sakkwato. Ba allo, ba suna. Ni ma ɗan kabu-kabu ne ya nuna mini ƙofar.

Kundin digirina ne ya kai ni. Ina kwatanta tajdidin Shehu Usmanu da na Shah Waliyullah na Delhi, malamin da ya fassara Alƙur'ani zuwa Farisanci, ya rasu a 1762 lokacin Shehu bai cika shekara goma ba. Da na yi sallama Baba ya ɗago kai ya ce, "Mi kaka biɗa, ɗana?" Na faɗa masa. Bai ce uffan ba, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci, ya hure ƙurar da ke kai ta turnuƙe mu, ya ce, "Wanga duk na Indiyawa na." A cewarsa, malaman Indiya da Pakistan da suka koyar a sakandarorinmu a shekarun 1970 da 1980 ne suka bar su da za su koma gida. Na yarda, domin a bangon wasu akwai sa hannu da rubutun Hindi, irin mai rataye a jikin layi kamar shanya.

Kwalin nan ya biya ni wahalata. Akwai tarihin daular Mughal, ta sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya, tun daga nasarar Babur a kan Ibrahim Lodi a Panipat a 1526, da bayani mai gamsarwa kan yadda Akbar ya soke jiziya a 1564 sannan Aurangzeb ya dawo da ita a 1679. Amma babin 1857, shekarar da Indiyawa suka yi wa Turawan Ingila bore, shi ne ya zaunar da ni a kan bencin har aka kira azahar. Turawa sun kama sarkin Mughal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, tsoho mai waƙe, suka kai shi Rangun ta ƙasar Burma, can ya rasu a 1862. Ina karantawa Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato da yaƙi, na faɗo mini a rai, da 1903, da Sarkin Musulmi Attahiru da suka kashe a Burmi. Na gaya wa Baba cewa shi kansa Gwamna Lugga a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, kuma kafin a zo kanmu Ingila ta daɗe tana mulkin masarautu sama da 500 a Indiya ta hannun sarakunansu. Ya yi shiru, ya ce, "Ashe can nasara ya koyo dabara." Malaminmu ya shafe awa biyu a aji kan wannan magana.

To, sai dai kowa ya zo da shirinsa. Littattafan sun tsufa ƙwarai. Taswirar da na saya har yanzu tana nuna Pakistan ta Gabas, ba ta san an yi Bangaladesh a 1971 ba. Littattafan Sri Lanka da Nepal kuwa ko ƙyallinsu babu a kwalin. Da yawa Turawan mulkin mallaka ne suka rubuta, shi ya sa 1857 a bakinsu boren sojoji ne kawai, alhali Indiyawa da dama yaƙin neman 'yanci na farko suke kiransa. Wanda ya kwafa ido rufe zai sha jan biro wajen mai duba kundinsa. Shah Waliyullah ɗin ma da na je dominsa, shafi biyu na samu, gara ta ci gefen ɗaya. Sauran sai a intanet na haɗo.

Farashi ba a rubuce yake ba, fuskarka ake kallo. Ranar farko na biya N4,500 a littafi guda, wani abokina ya je da tsohuwar jallabiya ya karɓi irinsa a N3,000. Baba ba ya karɓar taransifa, sai kuɗi hannu, kuma in ya tafi masallaci dawowarsa sai Allah. Mai asma ya sa takunkumi.

Akwai wani littafi da na ƙwallafa rai a kansa, na zane-zanen fadar Mughal, masu launin da ko kaɗan bai koɗe ba: giwaye, lambuna, Shah Jahan a kan karaga. Na ba da rabin kuɗin. Baba ya naɗe shi a leda ya tura ƙarƙashin buzunsa, ya ce in wata ya ƙare ban dawo ba, akwai wani malamin zane da ya riga ya taya.