Shekara guda a gidan manoma a Iowa: sharhina kan zaman musayar ɗalibai

Tun da na dawo daga Amurka, iyaye mata suka fi tare ni da tambaya, ba 'yan'uwana ɗalibai ba. Su ɗalibai hoton dusar ƙanƙara kawai suke son gani. Iyaye kuwa abin da ke ransu daban ne: wane irin gida ake kai yarinya, me take ci, ana barin ta ta yi salla, da wace tarbiyya za ta dawo. Saboda su na rubuta wannan. A dunƙule dai, zaman ya yi mini kyau ƙwarai, kuma da za a sake ba ni dama da gudu zan karɓa. Sai dai ba kowace yarinya zan ce a tura ba, dalilin kuma ba shi ne wanda mutane suka fi tsoro ba.

Shirin da na tafi a ƙarƙashinsa shi ne YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, aka sa masa sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. 'Yan sakandare ake ɗauka a lokacin daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa, har da Najeriya, su yi shekarar karatu ɗaya a can. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ta biya mana kuɗin jirgi da inshorar lafiya, a lokacinmu kuma ana ba kowa dala 125 a wata ta kashewa. Na bar Bauchi a Agustan 2018, na dawo a Yunin 2019. Mahaifina bai biya ko sisi ba in ban da kuɗin fasfo da ɗinkin kaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masu masaukin ba a biyan su. Abin da doka ta yarje musu kawai shi ne su rage dala 50 a wata daga kuɗin da ake yanka musu haraji a kai, wanda bai kai kuɗin madarar da na sha ba. Ana binciken tarihin duk wani baligi da ke gidan, a je a duba ɗaki, a tabbatar kina da gadonki na kanki, da abinci sau uku a rana. Wannan ya sauya yadda na ɗauki zaman gaba ɗaya. Ba otal ba ne, ba kuma makarantar kwana ba. Mutane ne suka buɗe miki ƙofa don ra'ayin kansu, suna kuma sa ran ki zama 'yar gida: ki wanke kwanuka ranar da layi ya zo kanki, ki fitar da shara, ki wanke kayanki a inji da kanki.

Gidan da aka kai ni na manoma ne, a wani ƙaramin gari na jihar Iowa da ke tafiyar kusan awa guda a mota daga birnin Cedar Rapids. Miji da mata, da 'yarsu sa'ata, da ƙaninta, da wani ƙaton kare. Matar ta ce in riƙa kiran ta da sunanta gatsau. Bakina ya ƙi. Na ce mata a wurinmu wadda ta haifi kamarki ba a kama sunanta, sai muka daidaita a kan Mama, mijin kuma Baba. Kafin shekara ta ƙare har 'ya'yansu suna tsokanar su da hakan.

Ga inda nake son iyaye su tsaya su saurara. Babban abin da ke wahalar da ɗiyar Hausa a irin wannan gida ba naman alade ba ne, ba coci ba ne, ba sanyi ba ne. Kawaici ne. Mu an rene mu a kan cewa baƙo ba ya karɓar tayi a karon farko. Za a ce bisimilla, ki ce alhamdulillahi na ƙoshi, a sake yi miki tayi, a matsa, sannan ki sa hannu. A can tayi ɗaya ne. Kika ce kin ƙoshi, an yarda da ke, an rufe tukunya an sa a firij, kuma a ganinsu sun girmama ki ke nan. Haka idan ɗakinki da sanyi kika yi shiru, to ɗakin lafiya lau yake. Idan wata magana ta ɓata miki rai kika sunkuyar da kai kika haɗiye, ba wanda zai karanta fuskarki ya aiko a ba ki haƙuri. Sunkuyar da kan ma da muke yi don ladabi, su ɗauka suke kina ɓoye wani abu ko ba kya son hirar. Mama ta taɓa zaunar da ni ta ce: "In ba ki faɗa mini ba, ba zan sani ba, kuma ina so in sani." Iyakar gaskiyarta ta faɗa. Duk abin da na buɗe baki na nema a gidan nan an yi mini shi, ko an gaya mini dalilin da ba zai yiwu ba. Abokan tafiyata da suka fi shan wuya ba waɗanda suka faɗa mugun hannu ba ne, waɗanda suka yi ta jira a gane halin da suke ciki ne. Babu kuma taron wayar da kai da zai cire wa yarinya abin da aka shekara goma sha biyar ana dasa mata.

Maganar abinci. Iowa ce kan gaba a Amurka wajen kiwon aladu, yawansu ya ninka na mutanen jihar sau da dama, don haka naman yana ko'ina: a kan fiza, a karin kumallo, a cikin wake, har a alewa mai danƙo da ake haɗawa da sinadarin da ake samu daga fata da ƙashinsa. Karanta bayan kwali ya zame mini jiki. A gida ban samu matsala ba. Mama ta ware mini kasko ɗaya, ta rage sayen naman, ranar da suka yi marmarinsa kuma ta gasa mini kaza ko kifi daban. A makaranta ne sai na tambayi masu rabon abinci kullum. Naman yankan Musulmi sai an je birni, shi ya sa nake ba da shawara a zauna da malami tun kafin tafiya a kan hukuncin yankan ma'abota littafi, yarinya ta tafi da matsaya, kada ta je can tana ruɗewa. Abin da ya fi damuna ma rashin yaji ne da yawan zaƙi. Hatta burodinsu da miyar tumatir ɗinsu da sukari a ciki.

Wani abin mamaki, gari ne da masara ta kewaye shi ta kowace kusurwa, amma ba mai tuƙa tuwonta. Mafi yawanta dabbobi ake ba, ko a kai masana'anta a mayar da ita man mota. A watan Oktoba Baba ya ɗauke ni a motar girbi, injin da ke yanka, ya ɓare, ya sussuke, ya zuba tsaba a lokaci guda, mutum ɗaya na zaune a ciki da kofin kofi. Na tuna yadda ake tara gayya a gonar kakana. A watan ne kuma na ga ana sassaƙa fuska a jikin kabewa a ajiye bakin ƙofa, daga baya a zubar. Raina ya sosu. Na roƙi guda, na haɗa da man gyaɗar da suke shafa wa burodi da alayyafo, na yi miyar taushe da tuwon garin masara. Baba ya ƙara har sau biyu, ya ce a saka ta a jerin abincin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, aka kuwa saka.

Ibada ba a taɓa hana ni ba. Babbar Salla ta same ni ina sabuwar zuwa, ranar 21 ga Agusta, Mama ta ajiye aikinta ta kai ni idi Cedar Rapids, ta zauna a baya da gyalen da na ara mata. A birnin ne akwai wani ɗan ƙaramin farin masallaci da aka gina a 1934, wanda ake kira uwar masallatan Amurka, zuri'ar 'yan Siriya da Labanan ne suka gina shi. Ban taɓa zaton Musulunci ya daɗe haka a tsakiyar gonakin masara ba. Juma'a dai ba ta samuwa, ranar makaranta ce, ga nisa. Azahar a wani lungu na ɗakin karatu nake yi, bayan na nemi izini. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, sai ki ga kina sauka daga motar makaranta kina sallar La'asar, Magariba ta kawo kai. Azumin 2019 ya kama a farkon Mayu, yini ya kai wajen awa goma sha shida, ga jarrabawar ƙarshen shekara. Gidan suka mayar da cin abincin darensu daga ƙarfe shida zuwa bayan takwas don mu ci tare. Ban roƙe su wannan ba. Coci sun gayyace ni, na je na ga yadda suke yi, na kuma yi wa tsofaffin cocin bayani a kan Najeriya. Ranar da na ce ba ni zuwa, ba wanda ya canza mini fuska.

Karen nan kuwa, a falo yake kwana, ana rungumar sa kamar jariri. Na ce kada ya shiga ɗakina saboda wurin sallata ne, aka sa ɗan shinge a ƙofa, magana ta ƙare. Buta babu a banɗaki, sai ki tanadi robarki.

Sanyi ba a ba da labarinsa. A ƙarshen Janairun 2019 awon sanyi a Cedar Rapids ya sauka zuwa kusan 34 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin, aka rufe makarantu. Amma sanyin jiki riga ke maganinsa, gida da mota da aji duk da ɗumi. Wanda ba a gaya miki shi ne kaɗaicin da ke zuwa tare da shi. Gari tsit, ba mai tafiya a ƙasa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, kowa ya shige ɗakinsa ya rufe. Dokar shirin ta hana mu tuƙi, ƙaramin gari kuma ba tasi ba bas, ko shago za ki sai an kai ki. Bambancin lokaci tsakaninmu da gida awa bakwai ne a lokacin sanyi, shida a lokacin zafi, don haka sadda na dawo daga makaranta Umma ta yi barci. Watan Janairu da Fabrairu su ne masu nauyi. Abin da ya cece ni shi ne shiga ƙungiyar muhawara ta makaranta da aikin sa kai a wurin rabon abinci ga mabuƙata, wanda dama ana buƙatar kowannenmu ya yi irinsa.

Inda na ga gazawa shi ne wajen ma'aikaciyar da ƙungiyar da ta samo mini gida ta naɗa don ta riƙa bibiyata. Ƙa'ida ta ce ta tuntuɓe ni kowane wata. Tana tuntuɓa, amma yawanci ta waya, tambayar kuma ɗaya ce, komai lafiya? Sau da yawa Mama na tsaye kusa da ni. Ni na yi sa'a ba ni da ƙorafi. Da ina da shi, yarinyar da aka koya wa rufa asirin gidan da ta ci abinci ba za ta fasa shi a irin wannan kira ba. Ya kamata a riƙa fita da ɗaliba waje, a zauna da ita ita kaɗai, a yi mata tambayoyi ƙanana: me kika ci jiya, wa kike zama da shi a wurin cin abinci a makaranta, yaushe rabonki da kuka.

Makarantar kanta kyauta ce, littafi da kwamfuta duk an ba ni. Lissafinsu na ajin da aka sa ni bai kai namu wuya ba, amma rubutun insha'i da tsayawa gaban aji ki kare ra'ayinki sun ba ni aiki. Tambayoyin 'yan aji kuma sai haƙuri: ko muna da mota, ko na taɓa ganin zaki a hanya, ko da hijabi nake wanka. Rashin sani ne ya fi yawa a ciki, ba ƙeta ba.

A san kuma cewa darussan can ba su bi manhajar WAEC da NECO ba. Da na dawo sai da na zauna na cike giɓin abin da aka yi ba na nan, musamman a kimiyyar sinadarai. Bizar da aka ba mu tana ɗauke da sharaɗin komawa gida a zauna shekara biyu kafin a nemi bizar aiki ko ta zama na dindindin a Amurka, saboda haka mai tunanin wannan hanyar ƙaura ce ya sake lissafi. Dawowar ma da nata gyaran: na saba faɗin abin da ke raina kai tsaye, Gwaggo ta ce an mayar da ni marar kunya, sai da na sake koyon inda ake sassauta murya.

Wadda zan ce a tura ita ce wadda sallarta ta zauna ba sai an tashe ta ba, wadda ta iya ɗan girki, wadda kuma za ta iya kallon babba ta ce a'a, ko ta ce ina so, ba tare da ta fashe da kuka ba. In ba ta kai nan ba, a fara koya mata a gida tun kafin a cike takarda. A jaka a sa mata yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, atamfa ko biyu ta tsaraba, da hijabai masu kauri. Duk abin ci a bayyana shi ga jami'an kwastan a filin jirgi. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, ba a shiga da nama, ƙwacewa za a yi.